Uba da 'yarsa a bakin rami: a ina dariyar za ta fito?

Mai Alƙalami: Jama'a, ga maganar da na kawo zaure yau, mai ja ya ja. Fim ɗin barkwanci da aka gina kan uba da 'yarsa sun fita haƙo tsohuwar dukiya ba zai zauna a Hausa ba. Dalili: babu wasa tsakaninsu. Barkwancin mutum biyu sai ɗaya ya gwale ɗaya, ya raina masa wayo ido da ido. 'Yar Bahaushe ba ta yi wa ubanta haka, in ma ta fari ce ko sunanta ba ya kamawa. A mai da shi kakanta a huta. Jika ta ce masa "mijina", ya ce mata "amarya", ta tsokani giɓinsa, ya ce ya sake ta. Wasan a dafe yake, zubawa kawai za ka yi.

Hajiya Edita: Malam, abin da ka kira ciwon shi ne maganin. Kunyar ce ke haifar da dariyar. Ɗauki fitowa ɗaya: Baba ya riƙe takardar da kakansa ya zana, ya juya ta sama a ƙasa, yana ta nausawa yamma. Yarinya ta gani tun tuni, amma ba ta isa ta ce "Baba ka yi kuskure" ba. Sai ta ce, "Baba, azahar ta yi, ina ne gabas in shimfiɗa maka?" Ya nuna gabas da kansa, ya dubi takarda, ya yi shiru, sannan ya ce, "Dama gwada ki nake yi." Hoto uku ya isa: na nesa da ke nuna su biyu da kukar da suka ba wa baya, fuskarsa, sai fuskarta tana cusa bakin mayafi a baki. A bar fuskarta daƙiƙa biyu cur kafin a yanke. Da kakanta ne, da kalma ɗaya za ta faɗa masa, fitowar ta mutu nan take.

Mai Alƙalami: Hajiya, wannan ya yi daɗi sau ɗaya. Shafi guda na rubutu kusan minti guda ne a allo. Fim ɗin minti 90 shafi 90 ke nan. Sau nawa za ta ciji mayafi kafin mai kallo ya ɗauki wayarsa?

Darakta: Ba maimaitawa ake yi ba, Malam, hawa ake yi. Karo na farko ta yi hannunka mai sanda, ya gane, ya ɗauki yabon. Na biyu ta yi, ya ƙi ji, ya faɗa rami. Na uku, can bayan minti 60, ta buɗe baki ta faɗa masa kai tsaye, kuma a nan ba a son dariya, shiru ake so. Tsakanin waɗannan kana buƙatar mutum na uku mai lasisin baki. In uban Bafulatani ne, mai a-kori-kurar da ya ɗauko su ya zama Babarbare. Ko ɗan ƙanwar uban, taubashin yarinyar. Duk abin da ba za ta iya furtawa ba shi zai yaɓa, ita kuma ta riƙa cewa "kai, ka bari mana" alhali daɗi take ji.

Inda nake tsoro daban ne. Salon camama ya saba a ba jarumi yanayi a ce ya zuba. Marigayi Ibro, da ya rasu a Disamba 2014, ya iya wannan. Amma labarin neman dukiya sarƙa ne. In a minti 12 an ce taku arba'in daga kuka, dole a minti 70 ya kasance arba'in, kuma dariyar ita ce takun kakan dogo ne, shi kuwa Baba gajere. Jarumi ya ƙara nasa ya ce "hamsin" don ya ji daɗin bakinsa, ya kashe abin da aka shuka. A bar su su zuba a zagin juna da mai mota, amma lambobi da alamomi a karanta su yadda aka rubuta.

Baban Kyamara: Duk kun tsallake abin da zai fara tsayar da aiki. A labari uba da 'ya ne, a zahiri ba muharraman juna ba ne, kuma a masana'antarmu namiji da mace ba sa taɓa juna a allo. Hukumar tace fina-finai ta Kano tana nan tun 2001. To Baba ya faɗa rami, wa zai jawo shi? Igiya da guga. Ta zura masa, ya kama, ta ja, ya fi ƙarfinta, sai ta ɗaura a bayan motar. Sauran ku ƙarasa da kanku.

Ramin kuma kada a haƙa gaba biyu don a burge. Ƙasa mai yashi tana ruftawa, balle da damina. Iya ƙugu ya isa, wajen mita ɗaya. Jarumi ya durƙusa, kyamara ta kwanta a ƙasa daga baki, a tara ƙasar da aka fitar a gaba don ta ƙara tsayi. Hoton cikin rami a ɗauke shi daban: a jingina da bangon kududdufin da ya ƙafe, inda ake yankar ƙasar bulo, gefe ɗaya a buɗe don fitila da kyamara. Janareta ya yi nisa da doguwar waya, in ba haka ba ƙararsa ta cinye maganar dare. Ƙaramin makirfo kada a maƙala shi ƙarƙashin hijabi, gogar yadin kaɗai za ka ji. Kayan Baba a ɗinka iri ɗaya kala uku: mai tsabta, mai ƙura, mai taɓo. Tulun da aka binne dukiyar a ciki kuwa, a sayi biyar ko shida hannun maginiya ɗaya, don na farko ba ya taɓa fashewa yadda ake so.

Malam Na Zaure: Ni tambayata, me ke cikin tulun? Don hukuncin ya bambanta, kuma masu kallo sun sani. In binnen jahiliyya ne, rikazi ke nan, a fitar da humusi, ɗaya bisa biyar. In akwai alamar na Musulmi ne, tsintuwa ce, sai an yi cigiya shekara guda. In kuwa na kakansa ne tabbas, gado ne, duk dangi sun shigo. Ku duba wannan: mutum ya sha wahalar haƙa a ɓoye, ga shi 'yarsa 'yar Islamiyya ce, tana tsaye a bakin rami tana yi masa lissafin rabon gado cikin ladabi. Kada kuma a sa su tono tsohon mutum-mutumin yumɓu irin na Nok su kai kasuwa a tafa musu. Haƙar kayan tarihi ba izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa laifi ne.

Mai Alƙalami: Allah ya gafarta Malam, wannan na rabon gado na karɓa, don a nan ilimi ne ya ba ta bakin magana, ba raini ba. Abin cikin tulu kuwa, kuɗin takarda gara ta cinye, kuma fam da sule sun daina aiki tun da naira ta zo a 1973. Wuri ya fi. Lokacin da Barth, Bajamushe matafiyi, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne dalar azurfa ɗaya. Wato ko wuri 20,000 suka haƙo, dala takwas ce a wancan zamanin, yau kuwa sai dai 'yan bori da masu ado. A ƙasan tulu a sa azurfar Mariya Tariza, tsohuwar dalar Ostiriya, guda ɗaya tak, mai shekarar 1780 a jiki, a bar magada goma sha huɗu su raba. Amma ban sauka daga maganata ba: duk abin da kuka kawo, sai da kuka jingina shi da Babarbare, da igiya, da malami. Da kaka ne, su biyu sun isa.

Hajiya Edita: Su biyu sun isa minti ashirin na YouTube, Malam. Rubuto fitowar azahar ɗin iri biyu, ɗaya da kaka ɗaya da uba, shafi biyu-biyu. Baban Kyamara ya ɗauka da waya, a haɗa, a saka a nan ba tare da kiɗa ba.

Baban Kyamara: A kawo kafin hazo ya sauka. In ƙura ta taso, kukar da ke can baya ba za ta fito a hoton nesa ba.