Marubuta don Allah ku taimaka, jarumin labarina ya ƙi motsi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wani littafi nake rubutawa kuma na maƙale a tsakiya, gaba ta ƙi baya ta ƙi.

Jarumin shi ne babba a gidansu, an sallame shi daga aiki amma ya ɓoye, kullum sai ya shirya ya fita kamar mai zuwa ofis saboda mahaifiyarsa da ƙannensa duk shi suke kallo, ga bashi yana ta hawa kansa. Matsalar ita ce duk inda na zo nuna abin da ke cinsa a rai sai ya koma dogon tunani, shafi guda yana ta saƙe-saƙe a zuci, ni kaina da na rubuta gundura ta yake yi balle mai karatu. Na gwada barinsa ya ba da labarin da bakinsa, sai abin ya ƙara lalacewa, ya zama mai yawan ƙorafi kawai, babu mai tausaya masa.

Sannan mahaifiyar, wallahi ba muguwa ba ce, sonsa take yi, amma da ta buɗe baki ta tambayi kuɗi sai ta fito kamar azzaluma. Ya ake rubuta matsin da ke zuwa daga masoyi ba tare da an ɓata shi ba?

Kuma yaushe ya kamata asirin ya tonu? In na yi da wuri labarin ya ƙare, in na ja shi kuma mai karatu zai ce mutanen gidan nan makafi ne. Wanda ya taɓa fama da irin wannan don Allah ya faɗa min yadda ya yi.