Wa ya taɓa kai yaransa kurmi su yi wasa? Ku ba mu labari

Baban yara uku, Rano

Assalamu alaikum jama'a. A hutun ƙarshen shekarar nan na kwaso yarana daga Kano na kawo su ƙauyenmu da ke kan hanyar Rurum. Kwana biyu suna zaune a zaure, ba abin da suke yi sai rigima a kan wayata. Rana ta uku, da aka karya kumallo, na ce kowa ya sa takalminsa. Muka bi burtali har kurmin bayan gari, inda muka yi kiwon awaki muna yara.

Babban nawa shekararsa 11. Ya tsaya a gindin kanya ya ce, "Baba, wannan wace bishiya ce?" Ya sha sayen 'ya'yanta a bakin makaranta, amma bai taɓa ganin uwar ba. Wallahi tambayar nan ta tsaya mini a rai. Na ɗaura igiyar guga a reshen tsamiya muka yi lilo, suka tsinci magarya har aljihu ya cika, autar kuma ta zauna tana gina ɗaki da kara da yashi, ta yi masa danga da ƙiraren sabara. Ba wanda ya tuna da waya har la'asar.

Sai dai kurmin ya sha sara. Inda na san duhuwar marke da ƙirya, yanzu kututture ne da baƙin tabon masu gawayi.

Ina son jin wanda ya taɓa fita da yara irin haka. Ina kuka je, me kuka gani, me ya ba ku wahala?

Maman 'yan biyu, Sumaila

Wa'alaikumus salam. Yaya, ka yi abin kirki, amma bari in faɗi nawa don iyaye su shirya. Bara da kaka muka je gona da yaran, muka zarce cikin itatuwan bakin rafi su sha iska. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ya ɗaga wani ruɓaɓɓen icce yana neman gyare, kunama ta harbe shi a yatsa. Kukan da yaron nan ya yi, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A babur muka kai shi asibiti, aka yi masa allura a wurin, sai can dare ya samu barci.

Ban hana su zuwa ba, don da ya warke shi ya fara tambayar yaushe za a koma. Doka na kafa: ba mai zuwa da silifa, ba mai zura hannu a kogon bishiya ko ramin gara, kuma duk abin da za a juya a ƙasa da sanda za a juya shi. In kuwa maciji ne, Allah ya kiyaye, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A kwantar da yaro kada ya yi ta motsi, a nufi asibiti. Kafin mu fita kuma kowa sai ya karanta addu'ar neman tsari daga sharrin abin da Allah ya halitta.

Malamar firamare, Haɗeja

Allah ya ƙara masa lafiya, 'yar'uwa.

Ni ɗalibaina 'yan aji 5 na kai Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, cikin watan Janairu. Wahalar farko ba ta daji ba ce, ta iyaye ce. Na maza ba a ja ba. Na mata kuwa sai da na bi gida-gida, wata uwar ta ce me 'ya mace za ta je yi a daji. Na ce mata ai wannan dajin take shiga ta yo miki itace, bambancin kawai yau ba za ta ɗauko kaya a ka ba. Ta yi shiru, daga baya ta yarda.

Mun isa da hantsi, sanyi bai gama sakin jiki ba. Wani dattijo ɗan garin, masunci, shi ya shige mana gaba. Abin da ya fara yi ya burge ni: ya zaunar da su a ƙarƙashin goruba ya ce ba wanda zai yi magana sai ya ƙirga kukan tsuntsu iri biyar. Yara 30 da ba sa iya yin shiru a aji ko na minti ɗaya, sai ga su tsit. Daga nan ya dinga nuna musu da baki, ga zalɓe can tsaye da ƙafa ɗaya, ga balbela a bayan shanu, ga kirinjijiya sun tashi garke guda suna fito. Ya nuna wasu ƙananan masu dogon baki a gefen laka ya ce waɗannan baƙi ne, da hunturu suke zuwa, kafin damina sun tafi.

Nan na karɓa na faɗa musu cewa daga Turai suke tasowa, su ƙetare teku da Sahara, su sauka a wannan fadamar ta Haɗeja da Nguru, kuma saboda irinsu ne aka sa Baturiya cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kare, a shekarar 2008. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to wa yake nuna musu hanya?" Muka koma makaranta muka kwashe mako guda a kan tambayar nan, da taswira a allo.

Dattijon ya kuma nuna musu kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren su. Ya ce a cikinta jan-baki ke kwana, su fito su far wa shinkafa. Yaran da iyayensu manoma ne sun fi ni sanin wannan.

Abu guda na tsaya a kai, har wasu suka yi fushi da ni: ba wanda ya sa ƙafa a ruwa. Kwantaccen ruwa irin wannan shi ke kawo tsargiya, ta jikin ƙananan katantanwa, kuma na ga yara da yawa masu fitsarin jini a ajina. Wasansu a tudu suka yi shi, langa da tsere, suka gwagwiyi goruba har muƙamuƙi ya gaji.

Wani ɗan'uwa daga Bichi

Dajin Falgore fa? Na daɗe ina son kai nawa.

Direba, Tudun Wada

Malam, ni kusan kullum sai na ratsa Falgore a hanyar Jos. Daji ne na gaske, har gwamnatin tarayya ta sa shi cikin guda 10 da ta amince a 2020 su zama gandun daji na ƙasa. Amma kada ka ɗebi yara ka kutsa kai kaɗai. Ka fara tambayar ma'aikatan gandun da mutanen yankin halin da ake ciki a makon da za ka je. In suka ce a dakata, ka dakata. Nawa yaran a gefen garinmu nake kai su, wajen ɗorawa, lokacin da ta nuna da bazara. Su dawo baki duk rawaya da gari, ƙwallon kuma su tara wa kakarsu ta yi daddawa.

Dattijo, Maigatari

'Ya'yana, na karanta duka. Mu nan arewa ba mu da kurmi irin na kudancin Kano. Abin da muke da shi layukan darbejiya ne da aka dasa don tare iska da yashi. Inuwa ce mai kyau, jikokina can suke langa da ɓuya, amma ba abin da yaro zai tsinka ya kai baki, kuma ƙarƙashinta fayau yake, ba ciyawa ba ƙwari sosai. Don haka nakan wuce da su gaba, cikin gonaki, inda aka bar aduwa da kuka da gawo.

Gawo nake fara nuna musu. In ce ku duba, da rani kowa ya kaɗe ganye shi yana kore shar, da damina kowa ya yi ganye shi ya tuɓe. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, gero na yin kyau a gindinsa, awaki kuma su ci 'ya'yansa lokacin da babu ciyawa. Jikana ya ƙi yarda sai da ruwa ya sauka ya je ya gani da idonsa, ya dawo da gudu yana kirana.

Malam na Rano, ga inda na ɗan saba da kai. Mu ba wanda ya taɓa kai mu daji don wasa. Aike ne ya kai mu, kiwo da itace da yankan ciyawa, wasan a tsakani muka same shi. In ka je da su ka ba su aiki, ko da tsintar tsamiyar kunu ce. Yaron da ya dawo gida da abin da aka dafa ba ya manta bishiyar. Kuma ka nemi tsoho ya raka ku.

Uwar gida, Birnin Kudu

Baba ya faɗi gaskiya a kan aiki. Ni ganyen kuka da kaba nake sa nawa su ɗebo, mu zauna a inuwa ina koya wa matan saƙar faifai, ƙananan suna carafke da tsakuwa. Malama, na gode da kika bi gidaje saboda 'yan matan nan. Mu da muka tashi, daji wurin wahala ne kawai a gare mu, a je da sauri a dawo da sauri, ga faɗa in an daɗe. Ranar da na ga 'yata ta hau reshen ɗinya tana rera waƙa, ba kaya a kanta, ba mai kiranta, na daɗe ina kallonta.

A riƙa tafiya da ruwa mai yawa dai, kuma a duba sama kafin a ɗaura lilo. Mun taɓa ɗaurawa dab da gidan rina.

Baban yara uku, Rano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi maganarka. Jiya mun koma da ƙanin mahaifina, kowane yaro da buhunsa na tsamiya, kuma kowa da takalmi sau-ciki kamar yadda Maman 'yan biyu ta ce. Baffa ya nuna musu taura da tsada da gwandar daji, ya nuna musu sawun bushiya a yashi, ya kuma kai mu gindin wata kuka da ya ce a nan kakansu yake hutawa in ya dawo daga farauta. Ni kaina ban san wannan ba.

A hanyar dawowa muka tarar da sabon sara, ƙirya biyu a kwance, ganyensu ko bushewa bai yi ba. Baffa ya tsaya bai ce komai ba. Mun yi da shi gobe bayan sallar Juma'a za mu je wajen mai unguwa da wasu dattawa a kan maganar. In akwai wanda garinsu ya taɓa hana sara a kurminsu har abin ya ɗore, don Allah ya faɗa mini yadda suka ɓullo wa abin kafin goben.