Neman shawara: mashin ɗina ya mutu a tsakiyar tsere, har ina tunanin sayar da shi

Ɗan Kawo:
Slm 'yan uwa, dan Allah ina neman shawararku, wlh tun ranar Lahadi raina a ɓace yake ko barcin kirki ban yi ba. Ina cikin masu zuwa filin nan na gaba da Rigachikun a hanyar Zariya, inda masu tifa suka ɗebi ƙasa suka bar ramuka da tuddai, nan muke ɗan tserenmu mu kamar goma sha biyu, ba kuɗi ake samu ba sha'awa ce kawai. Mashin ɗina tsohon Yamaha DT 125 ne, na hannu na saya, wata biyu ina tara kuɗin ɗinki ina zuba masa, sabon fistin da rin, sabuwar sarƙa, tayar baya mai ƙurajen nan, har a-kori-kura na ɗauka ya kai mana shi fili don kar in hau titi da shi.

Aka tashe mu na fita da kyau ina na uku, zagaye na farko lafiya na biyu lafiya, a na uku ina cikin hawa tudun nan babba sai na ji yana shaƙewa kamar mai ya ƙare, na murɗa ya ɗan amsa sai ɗif. Na buga kik ya fi sau talatin har ƙafata na rawa, kowa ya wuce ni ƙura ta rufe ni, haka na turo shi gefe. Ƙanina da ke riƙe min jakar sifana ya rugo, na hau shi da faɗa a gaban mutane alhali bai yi min komai ba, yaron nan har hawaye ya yi. Abin da ya fi ƙona min rai, bayan kamar minti goma na leƙa tanki na ga mai fal, na buga kik ɗaya tal ya tashi kamar ba shi ba. Toh meye wannan? Ga babanmu dama ba so yake ba, a wurinsa duk mai wasa da mashin ɗaya yake da yaran da ke tashin kan mashin a gidan biki. In sayar in huta ne ko akwai gyara?

Na Rigasa:
Wslm. Fulogi ne malam, canza fulogi kawai, ni ma haka nawa ya min

Bakanike na Panteka:
A'a ƙanina kar mu yi saurin ɗora wa fulogi. Fulogin da ya mutu ba ya farfaɗowa da kansa bayan minti goma ya tashi da kik ɗaya. Shekarata ashirin da wani abu ina kwance irin waɗannan injinan, in mashin ya mutu da zafi ya huta ya tashi to abu biyu nake fara zargi, ko koyil ne yake yanke wuta in ya ɗau zafi, ko kuma mai ne ba ya sauka daga tanki. Kai kuma ka ce sai da ya shaƙe tukun, ka murɗa ya ɗan amsa sannan ya mutu, wannan yunwar mai ce, wuta in ta ɗauke lokaci ɗaya take ɗaukewa kamar an kashe makunni. Kuma ka lura da maganarka, sai da ka buɗe tanki ka leƙa sannan ya tashi. Tambayata, ka taɓa murfin tankin nan kafin ranar? A murfin akwai wata 'yar ƙofa ƙarama da iska ke shiga, in ta toshe mai na sauka iska ba ta maye gurbinsa, sai tankin ya riƙe man kamar yadda za ka toshe bakin tsinken shan lemo da yatsa ruwan ya ƙi zuba. Kana buɗe murfin wani lokaci har za ka ji ya yi fusss, shikenan mai ya sauka kafireto ya cika.

Ɗan Kawo:
Innalillahi. Oga wlh daren Asabar na taɓa shi. In na yi tsalle fetur na fantsamo min a cinya ta gefen murfin, sai na yanko robar tsohon tib na zagaye ta da almakashi daidai bakin tankin na shimfiɗa a ciki na murɗe tam, har ina murna yoyo ya tsaya

Bakanike na Panteka:
To ka ga ɓarawon naka. Cire robar nan, ka nemi ainihin robar murfin ko ka sayi wani murfin, ka busa ta ƙofar ka tabbatar iska na wucewa. Amma kar ka tsaya nan don na faɗa, ka gwada, ka je fili ka yi minti ashirin kana ba shi wuta sosai, in ya sake mutuwa maza cire fulogi tun da zafinsa ka jingina shi da jikin inji ka buga kik, in ba ka ga wuta shuɗiya ba to koyil ma na da laifi. Kuma ka riƙe wannan dan Allah, daren tsere ba a yi wa mashin sabon abu. Duk abin da za ka canza ka canza saura sati, ka hau ka gwada. Daren nan na ɗaure noti ne da duba iska kawai.

Mai XL daga Barnawa:
Oga ya gama magana, ni dai zan ƙara da abin da ya kamata ya kasance a jakar da ƙaninka ke riƙewa don ni sai da sarƙa ta tsinke min sau biyu na koyi hankali. Fulogi biyu sababbi, naka NGK B8ES ne, ka saita gibinsu tun a gida 0.7 zuwa 0.8 na milimita ka naɗe a tsumma. Mahaɗin sarƙa mai lamba 428 ko guda biyu, kuma in za ka sa 'yar maƙatar da ke kulle mahaɗin, bakinta rufaffe shi ke kallon inda sarƙar ta nufa, in ka juya ta ciyawa ko dutse kaɗan zai fizge ta. Wayar kuloci da ta totur, hannun kuloci da na birki don faɗuwa ɗaya ke karya su, tib da famfo, filaya, sukudireba, salatif da 'yar wayar ɗauri. Sarƙa kuma kar ka ja ta tsam kamar ta mashin ɗin cikin gari, in ka dira daga tsalle baya na nutsewa sarƙar na ƙara miƙewa, ka bar mata wasa. Iskar taya wajen 13 zuwa 15 a ma'aunin psi na geji ta isa a ƙasar nan, in ka cika ta tam zamewa za ka yi ta yi a kwana.

Na Tudun Wada:
Ni shawarata ka cire famfon baƙin man nan na DT, mai tura wa inji man 2T da kansa, gaba ɗaya ka riƙa haɗawa da hannu a jarka, lita 4 na fetur ka zuba mil 125 na man 2T, hankalinka kwance. Kuma ranar tsere kar ka sayi mai a hanya gun 'yan bumburutu, ka taho da naka daga gidan mai ka tace da kyalle

Bakanike na Panteka:
Maganar tace mai na yarda da kai ɗari bisa ɗari, amma famfon in yana aiki a bar shi. Na ga yara da yawa sun cire, rana ɗaya mutum ya manta ya zuba zallan fetur inji ya buga. In har ya cire to dole kullum ya haɗa ba fashi. Abin da ya fi damuna da ku a hunturun nan soson da ke tace iskar inji ne, ƙurar filin nan kamar garin fulawa take, ita ke cinye fistin da rin. A wanke soso da kananzir sannan da ruwan sabulu, ya bushe sarai, a shafa masa mai a matse ba a murɗe ba. In da hali a je da biyu.

Anti nas:
Ƙanina ni ban san inji ba, amma a aikina na ga waɗanda aka kawo daga faɗuwar mashin, dan girman Allah hular kwano mai rufe haɓa da takalmi mai tsawo kar su bar jikinka. Kuma in ya mutu maka a bayan tudu kar ka tsaya nan kana buga kik, na bayanka ba ya ganinka sai ya diro, ka ɗaga hannu ka janye gefe tukun. Yaron nan kuma ka kira shi yau ka ba shi haƙuri, son ka yake shi ya sa ya bi ka cikin ƙura.

Mai XL daga Barnawa:
Gaskiya Anti. Batun sayarwa kuma malam kar ka yanke hukunci cikin fushi, ko a gasar duniya ta irin wannan tseren da suke minti 30 da ƙarin zagaye biyu da makanikai jingim a bayansu mashin na mutuwa mutum ya turo abinsa. Baba kuma ka lallaɓa shi, ka nuna masa kayan kariyarka, ka ce masa a daji kuke yi ba a titi ba, in ya ce a'a to ka dakata har ya sauko, albarkarsa ta fi kofi.

Ɗan Kawo:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na cire robar ɗazu da yamma, na busa murfin iska na wucewa. Ƙanina na same shi bayan magariba na ba shi haƙuri, ya ce ba komai yaya amma Asabar da shi za a je gwaji. Baba ban samu fuskarsa ba tukun, sai bayan Juma'a in sha Allah. Oga gobe wajen ƙarfe goma zan shigo Panteka da murfin a hannu, dan Allah ka duba min ko za a samu robar, in babu sai mu nemi wani murfin, kuma zan taho da koyil ɗin ma ka auna min shi.