Dodo a tsintaccen kaset: tsoro ne na gaske ko jiri kawai?

Auwal: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na sake kallon Cloverfield, kuma ina nan a kan bakana: babu salon da ya dace da fim ɗin ƙaton dodo kamar na tsintaccen kaset, wato a nuna maka fim kamar wani ne ya ɗauka da kyamarar hannunsa, ya halaka, daga baya aka tsinci abin da ya ɗauka. A Janairun 2008 ya fito, Matt Reeves ne ya ba da umarni. Ana walimar ban kwana da Rob zai tafi aiki Japan, abokinsa Hud na zagayawa da kyamara yana ɗaukar gaisuwar mutane, sai ƙasa ta girgiza, wuta ta ɗauke. Suna fitowa titi sai ga kan mutum-mutumin 'yanci na New York ya faɗo gabansu yana gungurawa. Ba ka ga abin da ya jefo shi ba. A sauran finafinai kyamara na can sama kamar shirwa, kana kallon gari kamar taswira. A nan kuwa kana ƙasa, tsayinka ɗaya da wanda za a taka.

Hadiza: Wa alaikumus salam. Auwal ƙanena, ni dai abin da na samu a fim ɗin nan jiri ne. Ban kai rabi ba sai da na tsayar na sha ruwa, zuciyata na tashi. Kuma ba ni kaɗai ba ce, gidajen silima a Amurka sai da suka liƙa takardar gargaɗi a ƙofa saboda masu jin jiri. Fim ɗin da sai an gargaɗe ka kafin ka shiga, ta yaya za a ce shi ne ya fi dacewa? Na zauna don in ga dodo, aka yi ta nuna min takalma da kwalta.

Auwal: Yaya Hadiza, ai rashin ganin shi ne gishirin. Ki tuna tatsuniyar da ake mana muna yara. Wa ya taɓa siffanta mana Dodo daga kai har ƙafa? Sai dai a ce ga shi nan tafe, ƙasa na rawa. Kowa da irin wanda ya ƙera a ransa, kuma nasa ya fi ba shi tsoro.

Malam Isa: Ku ba ni wuri in sa baki, tunda kyamara sana'ata ce, shekara da shekaru ina ɗaukar biki da suna. Girgizar da Hajiya Hadiza ke kuka da ita ba ta ɗan koyo ba ce, ƙwararru ne suka tsara ta. Ɗan koyo na gaske in ya firgita, ba abin da za ka gani sai sama da ƙasa, sauti kuma duk iska ce da numfashinsa. A Cloverfield ko da ana gudu, kyamara na juyawa daidai lokacin da wutsiya za ta daki gadar Brooklyn, kuma kana jin kowace kalma tas. Wannan ban ƙi shi ba, aiki ne mai kyau. Inda na rabu da su shi ne wajen hawa benen nan. Gidan da Beth, budurwar Rob, take ya karkata ya jingina da na kusa da shi, suka hau ɗayan ta matakala, suka tsallaka ta rufi, ƙasa a karkace, iska na kaɗawa, Hud kuma hannu ɗaya na riƙe da kyamara a saitin ido. Wanda ya taɓa riƙe kyamara awa guda a tsaye ya san yadda kafaɗa ke sagewa, yatsu su ƙage. A wurin da kake neman abin kamawa da hannu biyu, wallahi sakin ta za ka yi. Daga nan na daina yarda da kaset ɗin, kuma salon nan in yarda ta tafi, ba abin da ya rage masa.

Nafisa: Malam, da girmamawa, ni na ga akasin haka da idona. Ranar da gobara ta tashi a kasuwar unguwarmu, ina tsaye a tsallaken titi. Wani saurayi na gabana, hayaƙi ya turnuƙe har yana tari, idonsa na zubar da ruwa, amma wayarsa na sama bai sauke ba. Wani dattijo ya fizge shi ta riga, ya koma baya taku uku ya ci gaba da ɗauka. Mutum in ya ga abin da ya fi ƙarfin hankalinsa, wani lokaci ta bayan gilashin waya kaɗai yake iya kallonsa. Shi ma Hud dalilin da ya bayar ke nan, cewa mutane za su so su san yadda abin ya faru.

Malam Isa: Gaskiyarki, 'yata, amma saurayin nan wutar ba ta biyo shi da gudu ba. Ɗauka daga tsallaken titi daban, ɗauka ana cizon abokiyar tafiyarka daban.

Nafisa: To ai a ramin jirgin ƙasan ma sun ba kyamarar aiki, Malam. Duhu ne, ɓeraye suka wuce su a guje, sai suka kunna na'urar gani cikin dare ta kyamarar, a nan ne ƙananan halittun da ke faɗowa daga jikin dodon suka bayyana a saman rufi. Ba don kyamarar ba da ba su gan su ba. Duk fim ɗin babu inda ya kai nan tsayar min da numfashi.

Bashir: Duk kuna zagaye-zagaye. Maganar kuɗi ce. The Blair Witch Project na 1999 an yi shi da kuɗi kaɗan, ɗalibai uku a daji, ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya, ya tara kusan dala miliyan 250. Masu harkar suka ga hanya. Cloverfield dala miliyan 25 aka kashe masa, ya dawo da kimanin miliyan 170. Duk sakan ɗin da dodo ya bayyana a fili kuɗi ne ake zubawa masu aikin kwamfuta, don haka sai a ɓoye shi a bayan gini da ƙura, a ce mana fasaha ce.

Auwal: Bashir, in rashin kuɗi ya haifi dabara mai kyau, ina laifi? Kuma ka lura babu kiɗan fim ko kaɗan har sai an fara rubuta sunaye a ƙarshe. Ba wanda ke gaya maka yanzu ka ji tsoro, daga jiniya sai harbin sojoji sai kururuwa. Wannan ba tsumulmular kuɗi ba ce, zaɓi ne.

Bashir: Na ji. Amma abin da ya fi damuna ba shi ne ba. Godzilla na farko, wanda Ishiro Honda ya yi a 1954, shekara 9 ne bayan jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. A Maris na shekarar ma ƙurar gwajin bam ɗin Amurka a tsibirin Bikini ta zubo wa wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23, ɗayansu ya rasu. Dodon nan yana da asali, gwajin bam ne ya tashe shi. Fim ɗin ya kai ka majalisa ana gardama, ya kai ka asibiti ana auna yara da na'urar gano guba, ya nuna maka masanin da ya ƙera makami yana tsoron abin da ya ƙera. Kyamarar Hud ba za ta taɓa shiga waɗannan ɗakunan ba. Tana bin mutum huɗu ko biyar ne da ke neman budurwar ɗayansu. Masu fim ɗin suka ari ƙurar harin da aka kai New York ran 11 ga Satumba 2001, mutane na fakewa a kanti gajimaren ƙura na wucewa, takardu na yawo a iska, amma ba su ce komai a kai ba. Ni wannan yana min nauyi, a ɗauki ranar makokin mutane a yi ado da ita.

Nafisa: Nauyin na fahimce shi, Yaya Bashir, kuma tun fitowar fim ɗin akwai waɗanda suka yi wannan ƙorafin. Amma ni ina ganin sun faɗi abu. Wanda ke kan titi a irin wannan rana bai san komai ba. Ba ya majalisa, ba ya ɗakin janar-janar. Abin da ya sani shi ne waya ta ƙi shiga, ɗan'uwansa na kan gada, kuma dole ya gaya wa mahaifiyarsu. Wurin da Rob ya amsa wayar mahaifiyarsa a tashar ƙarƙashin ƙasa ya sanar da ita rasuwar ɗan'uwansa Jason, ni a nan na yi hawaye. Sannan shi Godzillan da kake magana, ka manta 'yan jaridar da ke kan hasumiya suna ba da labari kai tsaye har dodon ya iso ya karya ta da su a kai? Honda ma ya san ƙarfin shaidar da ya ƙi gudu.

Bashir: Minti ɗaya ne ko biyu a cikin fim guda. Shi ya sa ya yi ƙarfi.

Malam Isa: Akwai fim ɗin da ya warware min matsalar da na kawo, na ƙasar Norway, Trollhunter, 2010, André Øvredal ne ya yi shi. Ɗalibai uku ne suka fita da niyyar ɗaukar rahoto kan wani da ake zargi da kashe dabbobin daji ba izini, ashe ma'aikacin gwamnati ne na sirri mai farautar dodannin tatsuniyarsu. To ka ga ɗauka aikinsu ne, da mai kyamara da mai riƙe makirfo. Shi kuma mafaraucin, Hans, ya bar su su ɗauka ne don ya gaji da aikin, ba alawus na dare, kuma duk dodon da ya kashe sai ya cika takarda. Saboda haka kyamara na tsayawa cak, ana ganin dodon sosai, na ƙarshen ma a fili cikin dusar ƙanƙara, mota a gefen ƙafarsa kamar gwangwani. Kuma abin da Bashir ke nema yana ciki: hukuma mai ɓoye gaskiya, da manyan turakun lantarki da aka mayar shingen tsare dodanni. A tatsuniyarsu dodannin na jin ƙanshin jinin Kirista, da mai kyamarar farko ya mutu aka kawo wata Musulma, shi kansa Hans bai san yadda za ta kaya ba.

Auwal: Na kalle shi, Malam, kuma na yarda ya fi tsari. Amma bai tsorata ni ba, don ina tare da gwani mai fitila da mota. Kuma bai da abin da Cloverfield ke da shi: kaset ɗin da Hud ya ɗauka a kai na Rob ne, na ranar da ya fita yawo da Beth zuwa Coney Island. Duk sanda aka kashe kyamara aka kunna, sai tsohon hoton ya leƙo na 'yan daƙiƙu, suna dariya a cikin jirgin ƙasa, sannan a koma cikin ƙura. Wannan ba salon da zai iya shi sai wannan.

Hadiza: Wannan kam ya taɓa ni, duk da jirin. Amma ka amsa min ɗaya, Auwal. In ɓoyewa ce gishirin, me ya sa da gari ya waye a Central Park suka tsayar da dodon a kan Hud, fuska da fuska, har kana ƙirga haƙora?

Auwal: Nan kam sun yi kuskure, Yaya. Da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da su, da sun bar mu da ƙarar takunsa da inuwarsa a kan ciyawa, da ya ishe ni.

Hadiza: Ni kuma wurin kaɗai na ji an biya ni haƙƙina. Malam Isa, wancan na Norway ɗin, girgizarsa ta kai ta wannan?

Malam Isa: Ba ta kai ba, Hajiya, sai wajen gudun farko a cikin daji. In kin wuce nan, sauran za ki kalla lafiya.