Abin da na tattaro kan yadda ake karɓar mutane wurin allurar rigakafi

Jama'a, na bi maganganun iyaye da ma'aikatan lafiya kan yadda ake karɓar masu kawo yara rigakafi, ga abin da ya fito.

1. Kusan kowa ya yarda tsawa ta fi zafin allura korar iyaye. Uwa ta manta kati ko ta tsallake wata guda, a hau ta da faɗa gaban mutane, wallahi da wuya ta sake dawowa, alhali ko an makara ba a sake farawa daga farko, ci gaba ake yi daga inda aka tsaya.

2. A yi bayani kafin a tsira allura: ta mece ce, da abin da zai iya biyowa baya, kamar ɗan zazzaɓi ko kumburi na kwana ɗaya ko biyu. BCG kuma, wato allurar rigakafin tarin fuka, tana barin ɗan tabo.

3. A bar uwa ta rungume ɗanta, ta ba shi nono ma a lokacin, yana rage zafin.

4. A zauna kamar minti 15 bayan allura.

Inda aka rabu shi ne dogon jira. Iyaye sun ce wulaƙanci ne a shanya su tun safe. Ma'aikata suka ce kwalbar BCG da ta ƙyanda ta yara da yawa ce, kuma in an haɗa ta awa 6 kawai take yi sai a zubar, shi ya sa wani sa'in suke jira yara su taru. Ni dai uzurin ya shige ni, amma don Allah a riƙa fitowa ana faɗa wa masu jira, uwa na jijjiga jariri yana kuka ba ta san me ake jira ba.