Ina ake samun zanen wasan sakas na takarda, irin na da?

Malamar nazare: Salamu alaikum 'yan zaure. So nake in haɗa wa ɗalibaina ɗan wasan sakas (wasan dabbobi da 'yan dabo a cikin tanti) na takarda irin na Turawan da: tanti, giwa, dawaki, da mai tafiya kan igiya. Duka kada ya wuce faɗin tiren shayi. Ina ake samun zanen da zan buga in yanka?

Mai firinta: Wa alaikumus salam Malama. Shiga Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun Faransa, ki rubuta Pellerin ko Épinal. Kyauta ne.

Ɗan auta: Epinal? Ba maganin ciwon baya ba ne?

Kawu: Kai yaro, gari ne a gabashin Faransa. A 1796 gidan ɗab'in Pellerin ya fara buga hotuna masu launi a can, daga baya suka shiga yin na yankawa a haɗa. Malama, nemi waɗanda suke kira pantin: jiki daban, hannu daban, ƙafa daban, a haɗa da zare, in an ja sai su yi ta tsalle. Amma ji abin da ya same ni bara, kada ki maimaita. Na sauko da fefa guda mai dabbobi, na kai wani shagon kwafi. Yaron shagon ya matse hoton ya shiga A4, ya buga a takardar nan ta kullum marar kauri, mai giram 80. Da na zauna yanka, 'yan kunnuwan da ake shafa wa gam sun koma kamar ƙwayar shinkafa, yatsa ba ya kamawa. Na daure na shafa farin gam, ashe tawadar mai ruwa ce. Toka-tokar giwa ta malale ta shiga jan doki. Da safe na tarar giwar ta durƙusa, ƙafafun sun lanƙwashe. Jikata ta leƙo ta ce, Kaka, giwarka raƙumi ce? Dare uku na ɓata a banza. Yanzu ba na bugawa a ƙasa da giram 160, in abin zai tsaya da ƙafarsa kuwa 200. Kafin ki naɗe, ɗora rula ki bi layin da biron da tawadarsa ta ƙare. Gam kuma da tsinken sakace ake ɗiba, ba da yatsa ba.

Mai firinta: Kawu dai ba a shagona aka yi ba, a shaida.

Kawu: Ban kira suna ba, kai ka tsargu.

Tela: Wurin gaɓoɓi, allura da zare, ƙulli gaba ƙulli baya. Kada ki ɗaure tam, sai ƙafar ta ƙi motsi.

Maman biyu: In tsofaffin sun yi wa yara wuya, shafin intanet na Canon Creative Park na da dabbobi a shirye, da hoton yadda ake haɗawa mataki-mataki.

Kawu: Waɗancan sun cika sheƙi, Hajiya. Daɗin na da ai launin ne da yake ɗan zarce layi, don da allon huda ake shafa shi.

Maman biyu: Kawu, 'yan shekara biyar ne fa, ba gidan tarihi za ta buɗe ba.

Ɗan auta: Ni a sa min kura da gardi riƙe da sanda, shi ne sakas ɗinmu.

Tela: Wa zai yanka maka takunkumi a wannan ƙanƙanta?

Malamin zane: Malama, kada ki ce komai sai an buga. Alexander Calder, wani mai sassaƙa ɗan Amurka, ya fara nasa ɗan sakas ɗin a Paris a 1926 da waya, tsumma da murfin kwalba na toshiya, yana kunna shi gaban baƙi. Yanzu sakas ɗin yana gidan adana zane na Whitney a New York. Mai tafiya kan igiya: tsinken tsintsiya biyu, zare a tsakani, ki maƙala ɗan nauyi ƙarƙashinsa, zai tsaya. Filin wasan kuma da'ira ce, na gaske mita 13 ne faɗinsa, ke murfin gwangwanin madara ya ishe ki.

Malamar nazare: Madalla, Allah ya saka. To tantin fa? Shi ne ya fi damuna.

Ɗan auta: Tela, almakashina da ka ara tun ƙaramar salla?

Tela: Ana maganar ilimi kana maganar almakashi. Zo shago bayan la'asar, ka taho da cikon kuɗin ɗinkinka.