Daɓen simintin wurin shawa ya ƙi ɓarewa a gefen bututun magudana

Assalamu alaikum, magina da masu aikin famfo.

Banɗakin a saman bene yake, ruwa na ɗiga zuwa silin ɗin ƙasa, shi ya sa nake son cire tsohon daɓen wurin shawa gaba ɗaya in sake shi. Na cire tayil. A ƙarƙashinsa akwai daɓen siminti da yashi mai kaurin santimita 5, da ragar waya a ciki, an zuba shi kai tsaye a kan kankaren bene.

Da guduma da cizal na fara, sai ɓarɓashi kawai ke tashi. Daga nan na tsaga shi da injin yanka tayil, layi-layi, tazarar santimita 10, zurfin santimita 4 don kada faifan ya ci kankaren. Wannan ya yi aiki a gefen bango, inda daɓen ya riga ya jiƙe ya yi laushi.

Matsalar tana tsakiya. Kewaye da bututun roba mai inci 2, simintin ya kama kankaren gam, kuma ya rungume wuyan bututun. Da na sa injin fasa kankare, girgizarsa ta tsaga bakin bututun, tsagar ta gangara kamar santimita 2, sai na tsaya. Idan ta wuce cikin kankaren, dole a fasa daga ƙasa.

Yaya zan cire wannan zoben simintin da ya rage ba tare da tsagar ta ƙara gaba ba? Na gode.